Na Ce wa Kawu Na Yi Rigakafi

Wata biyar ke nan ban rubuta komai a shafin nan ba. Na ga saƙonninku, amsawa ce ta gagare ni.

Na yi jinyar korona, na warke. Wannan shi ne ɓangare mai sauƙin faɗa.

Yawancinku kun san aikina, tace labaran lafiya a wata jaridar Hausa a nan Abuja. Da nau'in Omicron ya ɓulla, ni nake bin rahotannin masu sa ido kan yadda ƙwayar cutar ke sauya kama. Da hannuna na rubuta cewa allura tana rage tsananin ciwo da mace-mace ƙwarai, amma sabon nau'in yana iya kama wanda ya yi ta, shi kuma ya sa wa wani.

Wata Juma'a na tashi da kaikayin maƙogwaro da ciwon kai. Na riga na yi alkawarin zuwa Kwali washegari wurin Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina firamare. Manomin doya ne, yana da ciwon suga. Bai yi allura ba, don sau uku ina cewa zan zo in kai shi, ban zo ba.

Matata ta ce, "Abban Hafsa, ka fasa tafiyar nan. Ji muryarka fa."

Na ce sanyin AC ɗin ofis ne.

Da takunkumi na shiga gidan. Kawu ya kalle ni ya ce, "Oga Edita, yau ni ake rufe wa baki? Ko warin ƙauye ne ya dame ka?" Na yi dariya na cire.

Aka kawo mana sakwara a kwano ɗaya, kamar kullum. Kafin in wanke hannu tari ya ƙwace mini.

Ya ce, "Ba dai ciwon nan naku na birni ba ne?"

Na ce, "Haba Kawu, ai na yi rigakafi, har sau biyu."

Ya ce, "To, mai rigakafi ai ya tsira. Sa hannu."

In aka ce rigakafi da Hausa, abin da mai saurare ke ji shi ne an rufe ƙofa, cuta ba ta da hanya. Haka Kawu ya ji. Ni na san ba haka abin yake ba a wannan karon, amma ban ƙara masa ko jimla ɗaya ba, don kada a ce ɗan birni ya ƙi haɗa kwano da kawunsa.

Ranar Litinin zazzaɓi ya kwantar da ni. A asibiti aka zura mini tsinken auduga a hanci, sakamako ya nuna korona. Suka maƙala mini ƙaramar na'ura a yatsa, iskar jinina lafiya, sai aka ce in killace kaina a gida. Kwana biyar na zazzaɓi da tari, sannan kasala. Likita ta ce, "Allurar ta yi aikinta a jikinka." Daga baya na ji samfurina na cikin waɗanda aka bincika, kuma Omicron ce.

Wata ma'aikaciyar lafiya ta kira tana neman sunayen waɗanda na yi mu'amala da su. Ta ce, "Akwai tsoho, ko mai ciwon suga?" Na ba ta sunan Kawu.

Na kira Kawu na faɗa masa. Ya ce lafiyarsa lau, yana gona ma.

Bayan kwana uku matarsa ta bugo. "Kawunka ba ya iya kai ƙarshen magana."

Kwanansa goma sha biyu a asibiti, da abin shaƙar iska a fuska, suga yana hawa yana sauka. Kuɗi sun tafi sosai, amma ba su ne damuwata ba. Da farko ina killace, daga baya kuma ba a shiga ɗakin. Ta waya kawai nake jin halin da yake ciki.

Allah ya tashi kafaɗarsa. Sai dai bana bai iya tayar da kunya ko ɗaya a gonarsa ba. In ya yi 'yar tafiya sai ya tsaya ya huta.

Na je na durƙusa na faɗa masa gaskiya, cewa na san allurata ba za ta hana in sa masa ba. Ya ce, "Ciwo daga Allah ne. Amma Edita, tunda ka sani, me ya hana ka faɗa? Ai da sai in sa a zuba maka naka daban."

Na roƙi gafararsa.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas ɗin da suka tsaya a kansa, da matata da ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba.

Ku yi allura, ku ƙara in lokacin ƙari ya yi, domin ita ta hana ni kwanciya asibiti. Ku kai tsofaffinku da ƙafarku, kada ku bar su da alkawari. In jiki ya canza, ko maƙogwaro ne kawai, a ɗaga ziyara a yi gwaji. In kuma za ku ce kun yi rigakafi, ku ƙarasa maganar: har yanzu kuna iya ɗauka, kuna iya sa wa wani.

Kawu ya yafe mini. Numfashinsa ne bai dawo daidai ba. Ku sa shi a addu'a.