Takardar Mutuwar Yayana

Abubuwa da yawa na shekarun boren sojoji sun fara fita daga kaina, amma akwai guda ɗaya da har abada ba zai fita ba. Shi ne yadda na binne yayana da hannuna, daga baya hukuma ta ce a wurinta bai mutu ba.

Ni da shi muke riƙe da shagon atamfa na mahaifinmu a titin Koudoukou. Ranar da abin ya faru, harbi ya lafa da hantsi, sai ya ce bari ya je ya duba ko an fasa ƙofar shagon. Bai kai ba. Wasu masu kaki suka tsayar da shi a mararraba, waɗanda suka leƙo ta taga sun ce ko doguwar magana ba a yi ba aka harbe shi. A kan amalanke aka kawo mana shi gida a unguwar Yakité.

Cikin masu shigowa akwai ƙawar matarsa, wata ma'aikaciyar jinya Kirista daga unguwar Miskine. Ta ja ni gefe, ta ce mini da yaren Sango mu kai shi asibiti tukuna, likita ya gani ya rubuta. Na ce mata mu ba ma ajiye gawa. A lokacin kawunmu ya riga ya aika a yanko likkafani, hanyar asibiti ba lafiya, kuma ina tsoron su riƙe shi su tsaga jikinsa. Kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta. Na ji a raina na yi masa gatan da ya rage. Har yau ban iya cewa kuskure na yi ba, ban kuma iya cewa daidai na yi ba.

Da ƙura ta lafa, rediyo ba ta da zance sai dokar afuwa ga sojoji. A bakin shago mutane suna ta gardama. Wasu su ce in ba a yafe musu ba, ba za su koma bariki ba, wasu su ce yafewar ce za ta sa su sake fitowa. Ni dai ina auna yadi, ina jin kowane ɓangare kamar yana da gaskiya.

Sai aka sanar cewa masu kare haƙƙin ɗan Adam suna rubuta sunayen waɗanda aka kashe, a wata makarantar firamare. Na tafi, don ba abin da nake so illa sunansa ya shiga. Wata lauya ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta nemi takardar mutuwarsa. Na ce duk unguwa ta yi masa sallah. Ta ce ta yarda da ni, amma jerin da za a miƙa wa gwamnati sai mai takarda. A ofishin rajista kuma magatakarda ya ce lokacin kai rahoto ya wuce, a littafinsa yayana yana raye, sai dai kotu.

Kotu ta nemi shaidu biyu. Masu leƙen taga duk suka ba ni haƙuri, ban kuma ga laifinsu ba, suna da 'ya'ya. Kawu ne ya zo, da ma'aikaciyar jinyar nan, wadda ko sau ɗaya ba ta tuna mini da shawararta ba. Su biyun gawa suka gani, ba su ga harbin ba. Alƙali ya ce zai rubuta rana da wuri, amma sanadin mutuwa ba likita, ba shaida, don haka zai bar gurbin. Ya ƙara da cewa ko da an san mai harbin, afuwa ta rufe maganar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya yafe? A wurinmu magada ne ke yafe jini."

Ya cire tabarau, ya ce a hankali, "Ƙasa ce ta yafe, Malam."

Na koma wurin lauyar da takardar. Ta daɗe tana dubawa, ta ce yanzu doka ta san ya mutu, amma ba ta san an kashe shi ba, saboda haka ba zai shiga jerin ba. Ta rubuta sunansa a wani ƙaramin littafi nata. Ban san inda littafin ya ƙare ba.

A gida na tarar da Inna, mahaifiyarmu, tana tsince shinkafa. Ta ce in karanta mata takardar. Na fassara mata Faransancin layi-layi har na kai ƙarshe.

"Me suka ce ya kashe shi?"

"Ba su ce ba, Inna."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, "Da sun zo sun tambaye ni, wataƙila da na yafe."

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu in an yi rasuwa a unguwa, ni ne mai tsayawa a ƙofa in roƙi masu wanka su jira likita ya rubuta, ko da dattawa za su harare ni. Na gane mamaci yana da haƙƙin a gaggauta rufe shi, yana kuma da haƙƙin a faɗi abin da ya same shi, kuma in ka yi sakaci da na biyun a ranar, ba kotun da za ta mayar maka da shi.