Ɗaurin Talalar da Saini Ya Yi wa Tsohon Fishiye

Duk wanda ya san marigayi Saini, taubashina, ya san bai taɓa jefar da komai ba. Silifa in ta tsinke sai ya adana ta, wai wata rana za ta samu 'yar'uwa. Na zauna Kumasi, na zauna Lome, na yi shekaru a Jidda, ban ga mai riƙon tarkace irinsa ba.

Aikinsa, kun sani, auna ruwan kogin Isa. Kullum da safe zai sauka gindin gada ya duba sandar awo, ya dawo buro ya zuba lambar cikin wani furogiram da ya rubuta da kansa a tsohuwar odinatarsa, wato kwamfuta. Da shi masu shinkafar fadama suke sanin ko ruwa zai hau musu. In na'urar ta tsaya ka ce ta lalace, sai ya harare ka: "Ba ta lalace ba, shawara take yi."

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka turo mana wani kapitan. Ya shiga buron, ya ga lambobi jere kamar tururuwa, ya ce, "Ni ba na karanta wannan. Zane nake so, layi mai hawa da sauka. Ran Litinin in babu, a kwashe na'urar a kai Doso."

Saini ya tsallaka Malanbil, ya wuni a siber, shagon intanet, ya dawo da sabon kayan zane cikin kile, 'yar abar nan da ake cusa wa na'ura a gefe. Ya zuba, ya danna maɓallin da ke sa ta harhaɗa aikin. Wayyo! Allo ya cika da jan rubutu, kuskure kan kuskure, duka da Ingilishi. Sai ya aiko a kira ni.

"Alhaji, kai da ka ci dokunun Kumasi har ka yi tumbi, me take cewa?"

Na sa tabarau na duba. Kowace kalma na san ta, amma da suka taru ban gane ko ɗaya ba. Da ƙyar na ce, "Kamar tana cewa ta nemi abu guda, ta same shi sau biyu."

"To ai arziki ne! Wa ke kuka don ya samu biyu?"

"Ita."

Sai ya kama gyara daga layin ƙarshe. Na ce, "Don me ba ka fara daga sama ba?" Ya ce, "Na ƙasa ƙanana ne, sun fi jin magana." Ya gyara ɗaya, uku suka fito. Ya lallashe ta da Dandanci, ta ƙi. Ya yi mata faɗa da Faransanci, ta ƙara ja. Hausa kuwa ni ya ajiye wa, don na yi dariya. Kwana huɗu ina zaune gefensa ina karanta abin da ban sani ba, yana gyara abin da ban gani ba.

Litinin ta yi, kapitan ya shigo. Nan ne Saini ya tona: ashe akwai wani tsohon fishiye, wato fayil, na zane da ya taɓa gwadawa shekarun baya, yana kwance cikin na'urar, sunansu ɗaya da sabon.

Na ce, "La ila! Tun Alhamis ka sani?"

"Na sani mana. Me ya yi mini da zan kore shi?"

Kapitan ya ɗaga hannu. "Tsaya. Tsoho yana nan, sabo ya zo, kowa na cewa shi ne?"

"Haka ne, mon kapitan."

"Cire tsohon."

Saini ya karkato ya raɗa mini, "Ka ji masu sana'ar." Sannan ya dubi kapitan a marairaice: "Ba dai kashe shi za a yi ba?"

Na ga gashin bakin mutumin ya motsa. Ya ce, "A ajiye shi wuri mai kyau. Kada dai ya fita."

Saini ya kwashe tsohon ya sa a kile, ya cusa cikin hularsa, ya yi bisimilla ya danna. Ko jan layi ɗaya! Sai ga zane ya fito, yana hawa kamar akuya kan katanga.

Kapitan ya ce, "Wannan hawan fa?"

"Ruwa ne, ranka ya daɗe. Mako biyu nake faɗar haka da lambobi, ba mai saurare."

Kafin azahar motar soja tana bin fadama ana shelar kowa ya yanke abin da ya nuna. Na'ura kuma ba ta ga Doso ba.

Ranar da ya rasu, ni na cire masa hula, kilen ya faɗo a tafina. Har yau ban san amfanin abin da ke ciki ba, ban kuma jefar ba.

Allah ya jiƙanka, Saini. Yadda ba ka yar da komai ba, kada Allah ya yar da alherinka ko ƙwaya ɗaya. Ya share maka kurakuranka, na sama da na ƙasa. Amin.