Rigata a Jikin Wani

Shekaruna saba'in da tara a bana, abin da zan faɗa kuwa ya auku shekara takwas ke nan, a makon Kirsimeti, sa'ad da nake cikin dattawan ikilisiyarmu da ke wajen Maisandari, a Maiduguri. Na yi aikin koyarwa shekara talatin da biyar, na ajiye shi ina shugaban makaranta, saboda haka na saba in shiga wuri a miƙe mini. Na faɗi wannan tun da farko domin mai karatu ya san irin mutumin da ke yi masa magana.

A waɗancan shekaru 'yan'uwanmu na kudancin Borno sun cika gari, tashin hankali ya raba su da ƙauyukansu. Harabar majami'armu ta zama unguwa guda, rumfunan buhu da leda tun daga ƙofa har bakin tankin ruwa. Kowace Kirsimeti mukan tara musu tufafi. Muna da ƙa'ida ɗaya a kan wannan, ni ne kuwa na kawo ta a taron dattawa, har yau ina ganin ba a yi ƙa'idar da ta fi ta ba: tufafin da aka tara a wurinmu ba a raba su a wurinmu. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, sukan wanke su, su ɗaure cikin buhuna, a kai wa wata ikilisiya can bayan Kasuwar Kwastam, su kuma su aiko mana da nasu. Ta haka ba wanda zai zauna benci ɗaya da mai rigarsa, ba kuma wadda za ta ga zanenta a ƙugun maƙwabciya.

Ina da wata babbar riga ta shadda, shuɗiya mai duhu, wadda wani tsohon Babarbare ya yi wa aiki da hannunsa, wata shida yana kanta. Na ɗinka ta domin ranar da na ajiye aiki. Sau uku kaɗai na sa ta, gama ni mutum ne gajere mai faɗi, ita kuwa an yanka ta da tsawo, bakinta na sharar ƙasa, sai in yini ina tattare ta bisa kafaɗa. A Lahadin da limaminmu, wani saurayin fasto da aka kawo mana ba da daɗewa ba, ya yi wa'azi a kan mu ba da abin da muke ƙauna, ba abin da muka gaji da shi ba, na koma gida na ciro ta. Ban sa ta a leda ba. Na rataya ta a hannu, na ratsa harabar da ita a lokacin da jama'a ba su watse ba.

Shugabar matan zumunta, wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ta karɓa ta buɗe bakin buhu. A nan zuciyata ta ƙi.

Na ce, "Mama, wannan ki ajiye ta gefe. Ba za ta tsallaka gari ba."

Ta ce, "A'a, Baba! Ba kai ka kafa mana dokar ba?"

"Ni na kafa ta, na kuma san iyakarta. Can ba su san darajar irin wannan ba, za su miƙa wa wani ya shiga kasuwa da ita. Ki nemi dattijo a nan, mai kamun kai."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Ka ce dai kana so ku riƙa gaisawa da ita ran Lahadi."

Sauran matan suka yi dariya. Ban kula su ba, gama ban saba amsa wasan mata a bainar jama'a ba. Amma ta faɗi gaskiya. Ina so in ga rigar nan tana tafiya a gabana, a dube ta a dube ni.

Akwai wani tsohon manomi da ke zaune a rumfa ta ƙarshe, kusa da tankin. Daga wani ƙauye na gindin dutse ya fito, dogo ne siriri, bai taɓa shiga aji ba. Shekara guda yana share ganyen dalbejiya a harabar kowace safiya, ba wanda ya sa shi, yana sanye da wata koɗaɗɗiyar rigar 'yan ƙwallo. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. Yakan jingine tsintsiya ya ce, "Malam babba, an tashi lafiya?" ni kuwa in ɗaga masa hannu in wuce.

Da safiyar Kirsimeti ina zaune a bencin dattawa sai na ji majami'a ta yi wani irin motsi a bayana. Na waiwaya. Shi ne ke shigowa, a cikin rigata. Ta tsaya masa daidai idon sawu, aikin ya baje bisa ƙirjinsa, kowane zare ya fito. Bai tattare ta ba, bai ko taɓa ta ba, yana tafiya a hankali kamar wanda aka haifa a cikinta. Matata tana jere na biyu, ta sunkuyo ta raɗa mini, "Malam, ashe haka rigar nan take?"

Shekara arba'in da shida muna tare da matar nan, ban tuna wata magana tata da ta shige ni kamar wannan ba.

Mai shirya wa mutane wurin zama bai ma gane shi ba. Ya rusuna, ya jawo shi har gaba, ya zaunar da shi a gefena. Ƙamshin turaren wutar gidana na tashi daga jikinsa. Ya gaishe ni da fara'a, na amsa da ka. Aka yi waƙoƙi, matan zumunta suka buga tulunansu, aka karanta labarin makiyaya, ni dai ban ji komai ba sai shaddar nan tana ƙara duk sa'ad da ya motsa.

Muna da wata al'ada kuma. Bayan sujada dattawa sukan ɗauki abincin biki su kai wa Bulama, wato mai unguwarmu, wanda Musulmi ne, kamar yadda shi ma yakan aiko mana da nama ran Sallah. Ragon ma mahauci Musulmi muke ɗaukowa daga Kasuwar Shanu ya yanka, domin maƙwabta su ci ba tare da shakka ba. Shekara goma sha ɗaya ni ne bakin wannan tawaga. Ni nake zama bisa darduma a hannun daman Bulama, ni nake jawabi. Ba zan ɓoye ba, a dukan shekara ba sa'ar da nake jira kamar wannan. Makarantar ta wuce, 'ya'yana sun watse a garuruwa, wurin nan ne ya rage mini inda ake sanin ko ni wane ne. Jawabin wannan shekara na yi mako biyu ina gyara shi.

Muna shirin fita sai fasto ya kama hannun manomin ya ce, "Baba, zo mu tafi tare, yau ai ka fi mu kama da masu zuwa gaban manya."

Da muka shiga zaure Bulama ya miƙe. Tsoho ne, idonsa ya fara rauni. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya wuce ta kaina, ya miƙa hannu biyu ya kama na manomin, ya ja shi bisa darduma, a hannun dama. Ni aka nuna mini tabarma tare da sauran. Na ce a raina kuskure ne, yanzu za a gyara. Sai manomin ya buɗe baki ya gaishe shi da Barbarci, ba irin gaisuwar da ni ma na iya ba, Barbarci sosai, wanda ya koya a shekarun da yake sayar wa fatake wake da gyaɗa. Ni da na yi shekara arba'in a Maiduguri ban wuce sannu da na gode ba. Suka shiga hira. Abin da na tsinta, suna zancen gero ne da irin ƙasar da yake so, da wata saniya mai taurin kai. Bulama yana dariya har yana dukan gwiwa. Kulolin shinkafa na ajiye a tsakiya, jawabina na cikin aljihu, ba wanda ya tuna da ɗayanmu.

Can Bulama ya kai hannu ya shafa aikin rigar, ya juya harshe zuwa Hausa domin mu ji, ya ce, "Wannan aikin hannu ne, irin na da. Masu yin sa sun ƙare. A ina aka yi maka shi, dattijo?"

Manomin ya sunkuyar da kai. Ban san abin da zai ce ba, ba kuwa zan taɓa sani ba, domin na riga shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni zan iya gaya maka, gama ni na ba da aikin. Wata shida aka yi ana yin sa. Makon jiya na fitar da ita sadaka."

Da kalmar ƙarshe ta fita na ji nauyinta. Ina iya cewa kyauta. Sadaka na ce, na kuma zaɓe ta ne.

Fasto ya dubi ƙasa. Manomin ya juyo gare ni, fuskarsa ba fushi, ya ce, "Ashe taka ce, Malam babba? Ban sani ba. Na ɗauka daga hayin gari ta zo, kamar sauran. To, Allah ya saka da alheri." Sa'an nan ya koma ga Bulama. "Gaskiya ya faɗa, ranka ya daɗe. Ni da singileti na baro garinmu, da matata tsohuwa goye a baya, don ƙafarta ba ta tafiya. Rigunan da na bari ban san wanda ke sa su yanzu ba. Ina fata dai sun zauna masa kamar yadda wannan ta zauna mini."

Bulama ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Ya sake kama hannun mutumin, bai sake shi ba. Na yi zaton idanu za su dawo kaina, sai ga shi na ƙara tura su can. Daga bisani Bulama ya ce, "To, Malam, yi mana abin da ka saba." Na miƙe daga tabarma na yi jawabina na mako biyu, da Hausar da na tabbata ba mai irinta a zauren nan. Aka ce madalla. Aka koma zancen saniya.

Muka kama hanyar komawa. Labari kuwa ya riga mu isa harabar.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, aka yi sallama a ƙofar gidana. Shi ne, cikin rigar 'yan ƙwallonsa, da ƙunshi a hannu. Ya wanke rigar, ya kai ta wurin masu bugu, ta fito tana sheƙi fiye da ranar da na karɓo ta. Ban san abin da ya hana cikinsa ba kafin ya biya su.

Na ce, "Mene ne haka? Abin da na bayar ba ya dawowa gidana."

Ya ce, "Ban raina kyautarka ba, Malam babba. Amma yanzu in na sa ta, kai za a riƙa gani yana tafe. Jiya a bakin tanki wata ta tambaye ni ko hular ma taka ce."

"Maganar mata ce wannan. Ka fahimce ni a karkace. Tambaya aka yi, na ba da amsa."

"Haka ne, ka ba da amsa," in ji shi. Ya ajiye ƙunshin bisa kujera, ya tambayi lafiyar uwargida, ya tafi.

Ban ba shi haƙuri ba. Na yi niyya sau da dama, amma kullum na tarar da shi da tsintsiya sai ya riga ni gaisuwa da sakin fuska, har in rasa ta inda zan soma. Wannan ma na ji haushinsa. Da ya ɗaure mini fuska, da na san yadda zan yi da shi. Matata ta ɗauke ƙunshin daga kujera a ranar, ban tambaye ta inda ta kai shi ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Na ƙarfafa kaina da cewa riga ce ta ruɗi tsoho mai raunin ido, baɗi komai zai koma yadda yake. Da baɗin ta zo, tun ana saura mako Bulama ya aiko wa fasto cewa kada a zo masa ba tare da abokinsa ba. Mutumin ya bi mu cikin wata farar jamfa ta yadi mai araha, wadda ta fito daga buhunan hayin gari, hannunta ma bai kai masa wuyan hannu ba. Bulama ya miƙe, ya ja shi bisa darduma, a hannun dama. Na yi jawabina daga tabarma. Haka aka yi shekara uku, har hanya ta buɗe ya ɗauki tsohuwarsa suka koma gindin dutsensu. Sa'an nan aka mayar da ni wurina, Bulama kuwa bai taɓa barin in zauna ba sai ya tambaye ni ko an ji labarin abokinsa.

Na koyar da yara fiye da yadda zan iya tunawa yadda ake magana a gaban manya. Ban taɓa yin magana irin wadda mutumin nan ya yi a zauren ba, shi da bai san harafi ko ɗaya ba, har yau kuwa in na tuna ta sai in ji ƙyashi ya taso mini kamar a ranar.

Ba ni kaɗai na ga wannan ba. Bulama ya riga mu gidan gaskiya, amma faston yana nan da rai, an mayar da shi wata ikilisiya a cikin gari. Dattawa biyu da suka ɗauki kulolin suna zaune benci ɗaya da ni kowace Lahadi, ƙanen Bulama da ya zuba mana ruwan sha a ranar shi ke riƙe da unguwa yanzu. Shugabar matan zumunta ba ta shiga zauren ba, amma ita ta riƙe bakin buhun, tana kuma iya faɗin abin da na ce mata kalma bayan kalma.