Malam Bita da Ajinsa na Takarda

A makarantar sansanin 'yan gudun hijira babu wanda ya kai Malam Bita tarin takardu. Sunan ma a nan ya samo shi: duk inda aka ce za a yi bitar horar da malamai, ko a bangon duniya ne, shi ne farkon shiga mota. Shekara shida yana wannan sintiri. Satifiket ashirin da bakwai ya tara, kowanne ya sa an manne shi cikin leda, ya jera su a bangon ɗaki. Matarsa ta nemi gurbin rataye madubi, ya ce babu wuri.

A rubuce, aji uku nasa ne. A zahiri kuwa na Inna ne, wata dattijuwa da ta yi shekara ashirin tana koyarwa a ƙasarsu kafin yaƙi ya koro ta. Takardunta sun ƙone tare da gidanta, don haka aka rubuta ta a matsayin mai taimako. Ita ke shiga tantin ajin mai yara casa'in kowace safiya. Ta san mai tari, ta san wadda ke shigewa ƙarƙashin benci idan jirgi ya wuce. Shi kuwa sai ya leƙo da jaka a kafaɗa ya ce, "Inna, riƙe mini su kwana uku." Ta ce, "A dawo lafiya, ɗan nan." Kwana ukun nan har yau ba su cika ba.

Kada a yi masa ƙage a ce bai taɓa koyarwa ba. Ya koyar, a ɗakin taro na otal, ƙarƙashin fanka, inda ake zaunar da ƙattin malamai masu gemu su zama yara, suna ɗaga hannu suna "Ni, Malam! Ni, Malam!" A can gwani ne na bugawa a jarida. Yaran da ba sa kuka, ba sa jin yunwa, ba sa jiƙa wando, wa zai kasa koyar da su?

Burinsa ɗaya ne, ya tsallake zuwa wata ƙasa da ke ɗibar malamai. Ya tura takardunsa, aka yaba, amma aka ce sai jami'insu ya zo ya ga darasi ɗaya a ajinsa. Idan ya faɗi, shekara shida ta tafi a banza. Kwana biyu bai iya cin abinci ba.

Ranar, ya shiga tantin rigarsa ta sha guga, jami'in na biye da shi. Yara casa'in suka miƙe tsaye suka rera gaisuwar da Inna ta koya musu ta manyan baƙi: "Sannunku da zuwa, baƙinmu!" Har da tafi uku.

Malam Bita ya dubi jami'in. Ya yi yaƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, haka nake koya musu ladabi."

Ya ce su rabu rukuni-rukuni, biyar-biyar, a wurin da ko juyawa ba a iyawa. Benci ya kife. Ya raba katuna masu launi guda ashirin, aka kaure da kokawa a kansu. Ya so kiran wani, ba suna, sai "kai mai jar riga", yara huɗu suka tashi. Wata ta fashe da kuka. Daga can baya Inna ta yi gyaran murya sau ɗaya, tanti ya yi tsit.

Ya saci kallon jami'in. Mutumin ko ɗaga kai bai yi ba, yana ta cike takardarsa. An raba rukuni? An raba. An yi amfani da kayan koyarwa? An yi. Yara sun yi motsi? Sosai ma. Da suka fito ya dubi Malam Bita da kyau ya ce, "Kai, ba mu haɗu a bitar bara ba? Teburi na biyu, kusa da taga?" Suka rungume juna. Ashe jirgi ɗaya ya kwaso su. Inna kuwa ko sunanta ba a tambaya ba.

Bayan wata biyu takardar tafiya ta iso. Malam Bita ya rubuta jawabin ban kwana shafi biyu, ya sa hankici a aljihu saboda kukan da yara za su yi. Ya tarar Inna na tsakiyar darasin lissafi. Yara suka miƙe: "Sannu da zuwa, baƙonmu!"

Ya tsaya a gaba ya buɗe takarda. "Yarana, yau malaminku zai tafi ya bar ku."

Nan take aji ya rikice. Suka juya ga Inna, wasu har sun fara hawaye. "Inna, ina za ki?"

"Ba inda za ni, ku zauna," in ji ta. Ta dube shi da alli a hannu. "Allah ya kiyaye hanya, ɗan nan. Ɗan gusa, ka tare musu allo."