Gorar Hayin Banki da Ta Ɓulla Rigachikun

Ina idar da sallar asuba na bar gidana a Mando, gari bai waye ba. Ofishinmu na kula da muhalli ya zuba gorunan roba a magudanan ruwa, kowace da 'yar na'ura mai aiko da saƙo zuwa waya, don a ga hanyar da shara ke bi daga Kogin Kaduna zuwa Kogin Neja har teku. Ni dai ban yarda da Hauwa'u, injiniyar da ta kawo aikin ba. Gorar da muka jefa a Hayin Banki, wai wayarta ta nuna tana Rigachikun, can ta inda kogin ke gangarowa. Yaushe ruwa ya fara hawa tudu? Na ce sai na gani da idona.

Kawo

A tashar Kawo muka haɗu da Hauwa'u, muka shiga bas. A shingen hanyar Zariya wani jami'i ya buɗe jakarta, ya ga gorar gwaji tana ƙyafta jar wuta.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Ta bin sawun shara ce, yallaɓai."

"Shara ake bi da batir?"

Sai da muka nuna katin aiki ya sake mu. Matar da ke kusa da ni ta sauka a nan, ta ce ta fasa tafiyar.

Rigachikun

Muka karya da ƙosai da koko, muka hau Keke Napep, wayar na yi mana jagora har wani fili cike da buhunan tsofaffin robobi. Jama'a sun yi cirko-cirko daga nesa. Mai wurin, Malam Sabi'u, yana zaune shi kaɗai, ido ja wur.

Ashe gorar ta maƙale a gindin gada, masu tsinta suka kawo masa a buhu. Da ya ga wuta na ƙyaftawa ya kife ta da baho. Maƙwabta suka ce bam ya ajiye. Matarsa ta kwashe yara ta tafi gidansu, mai unguwa kuma na shirin kiran 'yan sanda.

Hauwa'u ta ɗaga bahon, mutane suka watse da gudu. Ta kwance murfin, ta zare batirin. Kunya ta kama ni, na'urarta ba ta yi ƙarya ba.

Sabi'u ya riƙe hannuna. "Alhaji, don Allah ka tsaya ka yi musu bayani a masallaci. Ni ba mai saurarona."

Na tsaya har azahar, na yi bayani. Wani dattijo ya ɗaga sanda: "Abin da ya san inda yake, ba ya jin hirarmu?"

Na ce a'a, da ƙarfi.

Gida

Bayan la'asar na iso Mando lafiya, alhamdulillahi. Ina godiya ga mai unguwa da ya aika a dawo da iyalin Sabi'u. Tambayar dattijon kuwa, gobe zan yi wa Hauwa'u ita a ofis, in ba kowa.