Koren Haske a Tandun Kwalli

Waɗanda ke gidan a ranar su ne ni, da autata da ta zo wankan gida da haihuwar fari, da jaririyar da ko suna ba a yi ba, da yayata da ta taso daga Zango don barka, da maƙwabciyata mai dafa mana ruwan wanka, sai jikata, 'yar babban ɗana, wadda ke karatun kimiyya a jami'a. Maza duk suna gona, lokacin girbin gero ne.

Jikar tawa ratsowa ta yi. Malaminta ya aike ta da wani ɗan akwatin roba zuwa wata makarantar da ke da injin awo, ta ce ba za ta wuce ta gefen Sandamu ba ta ga jaririya ba. Tun shigowarta nake kallon yadda take rungume da akwatin. Ni kuwa ba a shigo mini da abu gida ban san ko mene ne ba.

"Ke, me kike ɓoyo? Kayan saurayi ne?"

"Kai Kaka! In na nuna miki sai kin gudu kin bar zanenki."

"Ubanki ma bai sa ni gudu ba."

Ta kai mu ɗakina bayan azahar, ta ja ƙofa, ta toshe taga da tabarma. A cikin akwatin wasu 'yan gilasai ne, kowanne bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba, an shafa musu wani abu ruwan ɗorawa. Ta kunna wata 'yar tocila mai shuɗin haske ta ɗora a kan ɗaya. Gilashin ya kama da wani kore mai ƙarfi, ba wuta, ba hayaƙi, ba zafi. Maƙwabciyata ta yi salati ta ja baya. Ni ban motsa ba, amma tsigar jikina ta tashi.

Jikata ta ce sunan abin farofsikayit. Wani irin gishiri ne suke narkarwa, su ɗiga a gilashi, inji ya juya shi da gudu har ya baje, sannan a ɗan gasa shi ya bushe. Abin da ya rage a kai ya fi ɓawon albasa siranta nesa ba kusa ba. In hasken tocila ya shige shi, sai ya tayar da wasu ƙananan abubuwa da ke ciki daga mazauninsu, in sun koma sai su saki ƙarfin da suka ɗauka, shi ne koren da muke gani. In an sauya haɗin gishirin sai ya ba da ja. In kuma an sa shi tsakanin wasu shimfiɗu aka ba shi wutar batir, da kansa zai haska, kuma abin da suke nema ke nan, a yi fuskar waya da talabijin da shi.

"Amma danshi yana kashe shi," in ji ta. "Kuma kada wanda ya taɓa. Akwai dalma a ciki."

Na san dalma. Na sha ji a rediyo yadda ƙurar dutsen zinare ta gama da yara a wasu ƙauyuka, waɗanda suka rayu ma kansu bai dawo daidai ba. Na ce ta rufe ta ajiye.

Yayata ce ta hana. Yanar ido ta rufe mata gani shekara da shekaru, fuskar mutum ma sai dai ta gane shi da murya. Sai ga ta ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Na gan shi," in ji ta. "Wallahi tar nake ganinsa. Ƙara kunnawa, 'yar nan."

Aka ƙara. Da jikata ta sake maganar dalma, sai Yaya ta taɓe baki ta ce su 'yan boko komai guba ne a wurinsu. Muka yi dariya. Aka ɗora akwatin a kan kwallata.

Da la'asar ni da maƙwabciyata muka kai maijego bayan ɗaki wankan ganye. Jikata ta shiga maƙwabta gaisuwa. Jaririya aka bari a cinyar Yaya, kuma babu wanda zai ga laifin haka. Duk ɗan da aka haifa a danginmu ita ce ke fara sa masa kwalli don idonsa ya buɗe, daga tandun da ta gada wurin mahaifiyarmu.

Da na dawo, abu na farko da na gani idon jaririya ne, an ja masa kwalli sabo, mai kauri, ya ɗan yi ja. Na biyu idon Yaya, ja wur yana zubar da ruwa. Na ɗaga kai, murfin akwatin a karkace. A gefen tabarma ga rezar da muke yanke farce, ga gilashi an kankare shi fes.

Na ƙwala wa jikata kira. Ta shigo da gudu, ta ga gilashin, ta ɗauki tsinken kwallin ta haska shi da tocilar a cikin tafin hannunta. Ga 'yan ɗige-ɗigen kore nan a cikin baƙin.

"Haska idon yarinyar mu gani," na ce.

"A'a, Kaka, wannan hasken ma yana cutar ido."

Na juya kan Yaya. Tun da nake ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

"Kin sa mata? Kafin ki zuba wannan abin kika sa mata, ko bayan kin zuba?"

Ta juya mini baya, ta ja mayafi ta rufe kai. "Ni kike wa tsawa? Ni da na goya ki?"

Autata tana bakin ƙofa, tururin wanka na tashi daga jikinta. Jaririyar 'yar farinta ce, don kunya ba za ta iya tambayar lafiyarta a gabanmu ba, ba za ta ko kalle ta ba. Ƙasa take kallo, tana murza bakin zanenta. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Na durƙusa gaban Yaya, gwiwa biyu. Na ce ta yafe mini, bakina ne ya kuɓuce. Na ce don darajar mahaifiyarmu ta gaya mini yadda aka yi. Na kasa kunne ga numfashin jaririyar, ina jira ko zai sauya.

"A nawa idon na fara gwadawa," in ji ta a ƙarshe. "Ya yi yaji, na ce aiki yake. Abin da ya ba makauniya gani, ina so yarinya ta tashi da shi, kada ta ƙare kamar ni. Idanunta duka biyun na sa mata."

Jikata ta fashe da kuka tana cewa laifinta ne. Na ce ta yi mini shiru ta nemo mai mota. Muka wanke idanun da tafasasshen ruwa da ya huce, muka tafi asibiti a Daura, ni da jaririya da jikata da Yaya.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta sake wanke musu ido, ta ɗiga magani. Jikata ta yi mata bayani da Turanci. Ma'aikaciyar ta ce abin da ke kan gilashi guda kaɗan ne ƙwarai, kada in tayar da hankalina, amma jariri ba ya ɗaukar abin da babba ke ɗauka, kuma tabbaci sai an auna jini a Katsina. Sannan ta karɓi tandun ta juya shi a hannu, ta ce shi kansa kwallin dutse sau da yawa akwai dalma a cikinsa, a daina sa wa yara.

Muka kamo hanyar gida. Ni kuma ina ta tuna 'ya'yana da jikokina, duk wanda ya bi ta wannan tandu, da wanda ya yi jinkirin magana, da wanda ya rasu yana ƙarami aka ce zazzaɓi ne. Ban san ko akwai ruwan kwalli a ciki ba, har yau ban sani ba.

Surukan autata suka aiko cewa sun ji an fita da jaririya kafin suna, kada a sake, a bari sai bayan an yanka rago. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe su.

Da gari ya waye na yi sallah, na duba idon yarinyar a hasken ƙofa, jan ya ragu. Na naɗe ta a zane biyu, na ce wa uwarta ta sa hijabi ta biyo ni don shayarwa, ruwan wanka ya jira. Na bar Yaya a hannun maƙwabciyata, muka fita bakin titi muka tsayar da motar Katsina.