Bulon da Tobiya Ya Jera a Layin Wani

Duk wanda ya yi gini a Kachalla Sembe, da wuya a rasa bulon Baba Tobiya a katangarsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, siminti ya cinye masa tafin hannu har ya koma kamar ɓawon itace. Tun gidan bulon Oga Benjamin bai wuce rumfa ɗaya da durom biyu ba yake wurin. Ran Lahadi kuwa shi ke riƙe da babbar ganga a coci, in bai zo ba har rawar matan zumunta sai ta yi sanyi.

Masu buga bulo suna da al'adarsu. In ciwo ya kama ɗaya, ko aka yi masa rasuwa, sauran su buga su jera a layinsa, a ƙirga da sunansa. Yau gare ka, gobe ga wani. Tobiya ne ya koya wa samarin gidan wannan, kamar yadda ya koya musu kwaɓi.

Sai ga Sandra, 'yar Oga, ta gama bautar ƙasa ta dawo da kwamfuta a jaka. Ba muguwa ba ce, a faɗi gaskiya, a kafaɗar Tobiya ma ta yi wayo. Amma fa ta zo da tsari! Ta buɗe jadawali, kowa da layinsa, kowace rana da gurbinta. Da yamma ta zaga ta ƙirga ta shigar. Ta ɗora fomula mai tara bulon mutum tun daga Litinin, ya cire daga taget, wato adadin da ake so a sati, ya nuna abin da ya rage. Wanda ya cika ran Asabar sunansa ya yi kore, wanda ya gaza ya yi ja. Ja uku a jere, sallama. Wanda kuma aka kama da cogen lamba, da shi da mai taya shi duk su kama hanya.

Tun da ja da kore suka shigo gidan, kowa ta kansa yake yi.

Ana haka bulo ya faɗo wa Nathan, ɗaya daga cikin samarin, a wuyan hannu. Matarsa na da ɗanyen goyo. Ya zo da safe da hannu a kumbure cikin riga mai dogon hannu, ya ja Tobiya gefe.

"Baba, in na yi ja yarana za su ci mene?"

"Rufe hannun," in ji Tobiya. "Ka riƙa ba bulo ruwa da ɗayan. Sauran ka bar mini."

Haka dattijo ya shiga aikin mutum biyu. Ya buga, ya faki ido, ya jera rabi a layin Nathan. Bayansa ya riƙe, bai faɗa wa kowa ba. Sunan Nathan ya yi ta sheƙi da kore, nasa kuwa ja, ja, ja.

Ran Asabar ta ukun Sandra ta kira shi rumfa a gaban kowa, ta juyo masa fuskar kwamfuta.

"Baba, Allah ya sani ba son raina ba ne. Fomula bai san mutum ba. Akwai wani dalili da zan faɗa wa Oga?"

Dalili kam ga shi can tsugune, hannu ya warke sarai, yana wanke shebur. In Tobiya ya buɗe baki, su biyu za su tafi, har da jaririn da bai san komai ba. Bai ma nemi Nathan ya yi magana ba. Da Nathan ya ɗago kai kawai sun haɗa ido, da ya wadatar. Ina! Nathan ya ci gaba da dirzar shebur ɗin da ya riga ya fita fes.

"Tsufa ne, 'yata," in ji Tobiya. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Yanzu kwaɓi yake yi wa magina a Abbare, ran da aka samu. Ba korar ce ke cin sa ba, shebur ɗin nan ne.

Bayan damina aka naɗa Nathan shugaban ma'aikata, wai shi kaɗai ne sunansa bai taɓa yin ja ba. Wata Lahadi fasto ya miƙe ya ce ɗan'uwa Nathan ya zo godiya da iyalinsa, Ubangiji ya ɗaga shi a wurin aiki. Suka taso daga bakin ƙofa cikin anko, matar da doya a ka, goyo a baya.

Ganga shiru. Fasto ya waiwayo yana dariya.

"Haba Baba Tobiya, barci kake? Ba mu kiɗa mana!"

Tobiya ya ɗauki makaɗi. Nathan ya taho yana rawa, ya ɗaga hannu biyu sama, har da wancan da bulo ya faɗo wa. Da ya zo daidai ganga sai ya kau da kai, tsohon kuwa ya kaɗa masa har ya isa gaban bagadi.